Dabino Ɗaya a Cikin Gwangwani

Shekarun baya, lokacin ina aiki a Jidda, na bar wata dattijuwa ta ɗauki laifin da ni na aikata, har ta bar aiki da shi a kanta. Na sha fara rubuta wannan labari ina gogewa. Yau dai na ce sai na kai ƙarshe, domin ku da kuke yabona a shafin nan kuna cewa ba na tsoron faɗin gaskiya, gara ku san wadda kuke yabo.

Aikin da ya kai ni shi ne kula da ɗalibai mata a gidan kwanansu, na wata kwaleji mai zaman kanta a unguwar Aziziyya. Hawa na uku ne nawa. Ni ke duba wadda ta dawo da wadda ba ta dawo ba, ni ke raba faɗan da ake yi a kan kayan firji, ni ke raka mara lafiya asibiti. Mu ma'aikatan gidan mata goma sha tara ne, da masu kula da hawa irina, da masu shara, da 'yan kicin, da masu wanki da guga. Akwai 'yan Indonesiya, akwai Habashawa, akwai 'yan Filifin, sai ƙawata 'yar Nijar da muke ɗaki ɗaya a masaukin da kamfanin da ya kawo mu ya kama mana a unguwar Balad. Da Larabcin kasuwa muke fahimtar juna, inda ya gaza a ƙarasa da hannu.

A cikinmu akwai wata dattijuwa mai guga da kowa ke ce wa Khala, wato gwaggo ko inna a Larabcinsu. Bahaushiya ce haifaffiyar Jidda. Kakanninta ne suka zo aikin hajji da ƙafa suka zauna, ita kuwa ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, sai dai Hausarta irin ta tsofaffi ce tsantsa, tana yi tana yayyafa mata Larabci. Ta fi kowa daɗewa a gidan. Ɗanta ne kafilinta, wato mai tsaya mata a takardun zama, ba kamfani ba, kuma da yamma gidanta take komawa can bayan Bab Makka, ba ta hawa motar ma'aikata. Ranar da na fara aiki ta ji na yi tuntuɓe na ce wayyo Allah, ta ajiye dutsen guga ta ce, “Ke 'yar ina ce, ya binti?” Ya binti, wato 'yata, kuma tun daga ranar ta mai da ni 'ya.

Matsalarmu ta faro ne daga ɗakin wanki. A can ƙuryar saman bene yake, kuma na'urar sanyaya ɗakin ta mutu tun farkon zafi. Wanda ya san zafin Jidda da danshin nan nata mai manne wa mutum riga a jiki ya san abin da nake nufi. An kai kuka wurin mudira, shugabar gidan, ɗaya bayan ɗaya, kowa ta je sai a ce mata inshallah gobe. Ana cikin haka aka soke mana hutun Juma'a saboda jarrabawar ɗalibai. Sai wata Bahabashiya ta yanke jiki ta faɗi a kan teburin guga, dutse ya ƙone ta a dantse. Daga nan magana ta canja.

A can babu ƙungiyar ƙwadago irin wadda muka sani a gida, baƙo ma ba ya ɗaukar wannan kalma a bakinsa. Abin da muke so bai kai nan ba. Ɗan kwamiti ne na mutum uku da zai riƙa magana da yawunmu duka, da takarda ɗaya mai ɗauke da sunan kowa, yadda ba za a ƙara ware mutum ɗaya a sallame ta da inshallah ba. To ni ce uwar zaƙewa a wannan harka. Na ɗan taɓa siyasar ɗalibai a gida, don haka sai na riƙa jin kaina wata jagora. Ni na rubuta takardar da Turanci, ni na sa wata ɗaliba ta mayar da ita Larabci, ni ke bin mutane har kicin ina yi musu huɗuba. Ƙawata har tsokanata take yi, wai saura in ɗaura jan ƙyalle a goshi.

Shugabar masu shara, wata 'yar Filifin mai natsuwa, ita ta kafa sharaɗi. Ta ce a jefa ƙuri'a a asirce, kuma sai kowa ta yarda za a yi. Idan mutum ɗaya ta ƙi, a bar maganar, domin wadda ba ta ciki ita ofis zai matsa wa har ta faɗi waɗanda suka kitsa abin. Muka amince. Sai kuma aka rasa yadda za a yi ƙuri'ar, don in aka ce takarda, rubutun kowa zai tona ta. Wannan da baƙaƙen Habasha take rubutu, waccan da Larabci, wasu ma ba sa rubutun sam.

Khala ce ta kawo mafita. Ta ce, “Ku bar wahalar da kanku. A ba kowa dabino ɗaya. Ta shiga bayan injin wanki ita kaɗai. In ta yarda, ta cinye ta jefa ƙwallon a gwangwani. In ba ta yarda ba, ta jefa shi yadda yake. Halas, shi ke nan.” Aka yi ta dariya ana tafa mata. Aka sa ranar Alhamis bayan Azahar.

Ranar Laraba mudira ta kira ni ofis. In faɗi gaskiya, matar nan ba ta yi mini barazana ba, ko murya ba ta ɗaga ba. Shayi ma ta sa aka kawo mini. Amma a kan teburinta, daidai inda idona zai sauka, akwai takardar da na yi wata biyu ina jira ta sa wa hannu, wadda da ita zan nema wa mahaifiyata izinin ziyara ta zo ta yi umra. Mahaifiyata ba ta taɓa ganin Ka'aba ba. Ta riga ta ɗinka hijabai, ta gaya wa duk unguwa, kullum muka yi waya tambayarta ɗaya ce, “An sa hannun?”

Mudira ta ɗora yatsa a kan takardar ta ce, “Ban manta da ke ba. So nake gidan nan ya zauna lafiya har a gama jarrabawa, sai in samu natsuwar duba takardu.” Ta yi murmushi, na yi murmushi, na shanye shayina na fito. Ban gaya wa kowa ba, har ƙawata.

Alhamis muka taru a ɗakin wanki, gumi na bin kowa. Babban gwangwanin madara aka samo, aka huda murfin, Khala ta shimfiɗa tsumma a ciki don kada ƙarar abin da aka jefa ta fallasa mutum. Aka kunna inji biyu saboda hayaniya. Aka raba dabino, aka fara shiga ɗaya bayan ɗaya.

Da layi ya zo kaina na shiga, na tsaya a gaban gwangwanin nan da dabino a tafin hannuna. Ba zan yi muku ƙarya in ce na daɗe ina kokawa da zuciyata ba. Lissafi kawai na yi, irin na matsorata. Na ce a cikin mata goma sha tara ai ba za a rasa uku ko huɗu masu tsoro ba, nawa zai ɓace a cikin nasu, magana ta mutu ba tare da an ce ni na kashe ta ba. Na tura shi ta hudar nan yadda yake. Da zan fito har motsa baki na riƙa yi kamar mai tauna, ina lasar leɓe. Wannan lasar leɓen har yau in na tuna sai na runtse ido.

Aka shimfiɗa farin zanen gado a ƙasa, 'yar Filifin ta juye gwangwanin. Ƙwallaye goma sha takwas, sai dabino ɗaya tal yana sheƙi a tsakiyarsu. Ashe duk gidan nan ni kaɗai ce matsoraciya. Masu shara da ba su da kowa a ƙasar, waɗanda in aka kore su ko kuɗin mota ba su da shi, duk sun cinye nasu.

Kun san wadda ta fara magana? Ni ce. Na buga cinya na ce, “Wace munafuka ce ta yi mana haka?” Da ƙarfi na faɗa, har da Larabci na maimaita don kowa ta ji.

Aka shiga kallon-kallo. Can sai ƙawata ta juya a hankali ta dubi Khala ta ce, “Khala, yau ba Alhamis ba ce? Ba azumi kike yi ba?”

Kowa ya san ba ta ƙetare azumin Litinin da Alhamis. Khala ta ce, “Azumi nake. Da farce na tsaga shi na cire ƙwallon na jefa.”

“To ina naman dabinon?” in ji ƙawata.

Na ga fuskar Khala ta canja. Ta dubi ƙawata tun daga sama har ƙasa ta ce, “Ni za ki bincika da furfurata? Na haifi wadda ta girme ki. In maganata ba ta ishe ku ba, halas, ku ɗauka yadda kuka ga dama.” Ta koma kan teburinta ta ɗauki dutsen guga.

Shi ke nan, aka yanke mata hukunci. Nan take kowa ta tuno da hujjarta. Ai ita ta kawo dabarar dabinon. Ai ita ba a hannun kamfani iƙamarta, katinta na zama, take ba, me ya dame ta da wahalarmu? Ai mudira har tsayawa take ta gaishe ta. Wata ta ce a sake ƙuri'ar, 'yar Filifin ta girgiza kai ta ce yarda ta riga ta fita, wadda ta yi wannan za ta iya kai sunaye ofis. A gabana aka yayyaga takardar da na rubuta, ni kuwa har da share ƙwalla.

Ranar ni ke da aikin yamma. Da aka kira Magariba na sauka ɗakin salla, sai na tarar da Khala ita kaɗai a zaune a kan darduma, ba ta tafi gida ba. Ta kwance bakin mayafinta, sai ga dabinon nan a tsage, babu ƙwallo, ya ɗan manne wa yadin. Ta yi bismilla, ta raba shi biyu, ta miƙo mini rabi ta ce, “Karɓi, ya binti. Kin sha wahala a kan takardar nan, Allah ya ba ki lada.” Na karɓa na ci.

Ko a nan da ina da ɗigon kirki, ai ba sai na tona kaina ba. Da na je na ce wa mutane na ga naman dabinon da idona, da an wanke ta. Amma na san in aka wanke ta za a koma neman mai laifi, don haka na ja bakina na yi shiru.

A gidan nan faranti ɗaya muke haɗuwa mu ci abincin rana, babban tire na shinkafa da 'yan kicin ke ajiye mana. Daga wannan mako, da zarar Khala ta zauna sai a fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ta ce ta ƙoshi, waccan ta ce ana kiranta. Kwana uku ta gane, ta fara zuwa da ɗan kwanonta daga gida tana ci a ɗakin guga. In ta shigo wuri sai a yi shiru. Aka laƙaba mata suna jasusa, wato 'yar leƙen asiri, har ɗalibai suka ji suka ɗauka. Ni ban taɓa kiranta da sunan ba, kuma a lokacin har ina ganin wannan wani abin kirki ne da nake yi. Sai dai na rage hawa wurinta, in kuma zan gaishe ta sai na waiga na ga babu mai kallo.

Bayan jarrabawa mudira ta sa hannu. Mahaifiyata ta zo, na kai ta Makka, ta ga Ka'aba ta yi kuka, ni ma na yi, sai dai kukanmu ba iri ɗaya ba ne. Da muka dawo Jidda, Khala ta ɗauko tasi tun daga Bab Makka har masaukinmu da tukunyar shinkafa da kaza, da turaren wuta a ƙulle a takarda. Suka zauna da mahaifiyata kamar sun shekara da sanin juna, Khala tana tambayarta labarin garin kakanninta, ko har yanzu ana rini a can. Da ta tafi mahaifiyata ta ce, “Kin yi dace da uwa a ƙasar nan. Ki riƙe ta da kyau.” Na ce to.

Wata biyar Khala ta yi a cikin wannan hali, sannan ta ce gwiwoyinta sun gaji, za ta ajiye aiki. Ranar tafiyarta ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana neman gafara, kamar yadda manya ke yi in za a rabu. Wasu suka amsa a ciki-ciki, wasu suka kau da kai. Da ta zo kaina ta kama hannuna biyu ta ce, “Zama da mutane sai da saɓani. In na taɓa ɓata miki, ki yafe mini.”

Na buɗe baki na ce, “Na yafe miki, Khala.”

Ni na yafe mata. Wallahi na yi abubuwan kunya a rayuwata, amma babu wanda ya kai wannan kalma da ta fito daga bakina.

Shekara biyu ban neme ta ba. Na canja wurin aiki, na koma wata makaranta, na ce abin ya wuce. Mahaifiyata ce ba ta bari ya wuce ba, don duk waya sai ta tambaye ta, ni kuma in ce tana lafiya alhali ban sani ba. Da na je hutu gida zan dawo, sai ta haɗa daddawa da kuka da yaji ta ce in kai wa Khala hannu da hannu, kuma in kira ta a waya su gaisa in na je. Babu hanyar zillewa.

Na sami gidan da tambaya, a wani lungu bayan masu sayar da yadi. Ta rame, tana tafiya da sanda, amma ta gane ni tun daga bakin ƙofa. Ta yi murna da daddawar nan kamar an ba ta zinariya. Ta dafa shayi, tana cikin zubawa na ce, “Khala, dabinon nan ni na jefa shi.” Na gaya mata komai, da takardar mahaifiyata, da shayin mudira, da ihun da na yi.

Ba ta daina zuba shayin ba sai da kofin ya cika. Ta ajiye buta. Sannan ta ce, “Ke ce?” Na ce ni ce. Ta ce, “Wallahi ban taɓa kawo ki a raina ba. Kowa na zarga ban da ke.”

Na durƙusa ina kuka ina ba ta haƙuri. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, “Tashi, ya binti. Saboda uwa kika yi, kuma na ga uwar. Tsakanina da ke na yafe, duniya da lahira. Amma ni kika zo gaya wa? Ni ai na san abin da na jefa. Waɗanda ba su sani ba su za ki nema. Mata goma sha bakwai ne suka rabu da ni suna ce mini jasusa.”

Na yi mata alkawari zan neme su. Da na koma tsohon wurin aikinmu sai na tarar kwalejin ta canja kamfanin da ke kawo ma'aikata, an watse, kowa ta kama gabanta. Na bi lambobin waya, yawanci sun daina aiki. A cikin shekara guda mutum biyar na samu. 'Yar Filifin ta saurare ni har ƙarshe ta kashe wayar. Wata 'yar Indonesiya ta ce ita ta manta da zancen ma. Ƙawata kuwa, da na same ta a Maraɗi ta waya, ta yi kuka ta ce, “Kin bar ni na ci mutuncin tsohuwa, muna kwana ɗaki ɗaya kina kallona.” Tun daga ranar ba ta ƙara ɗaukar wayata ba, kuma ban ga laifinta ba.

Duk wadda na samu sai na je na gaya wa Khala, ita kuma ta ce, “Saura nawa?” Ba da faɗa take tambaya ba, amma ba ta taɓa mantawa da adadin ba. Ta rasu muna kan saura goma sha biyu.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa tsoro ne ya sa ni, kuma kowa yana jin tsoro. Amma tsoron na minti ɗaya ne, a bayan injin wanki. Abin da ya biyo baya, wata biyar ina kallonta tana cin abinci ita kaɗai, wannan ba tsoro ba ne, son a ci gaba da ganina da mutunci ne. Shi ya sa yanzu in na ga an taru a kan mutum ɗaya ana cewa ai shi ne, ba na saurin sa baki, kuma nakan ɗan dubi wanda ya fi kowa ɗaga murya.

Na san yawancin matan nan goma sha biyu ba sa jin Hausa, kuma da wuya wannan rubutu ya kai gare su. Suna can a garuruwansu, wataƙila wata ta zauna da 'ya'yanta tana ba su labarin zamanta a Jidda, ta ce akwai wata tsohuwa mai guga da ta ci amanarsu. Ba ita ba ce. Ni ce, mai kula da hawa na uku, wadda ta rubuta muku takardar.